Daga Buhun Aya zuwa Nahawu: Koyon Sifaniyanci ta Jimlolin Yau da Kullum a Kan Iyakar Jibiya

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan koyar da harsunan ƙetare a ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda Bahaushe zai gane nahawun Sifaniyanci da kalmominsa ta hanyar jimlolin da yake furtawa kullum, ba sai ya ratsa ta Ingilishi ko Faransanci ba. An ɗauki yankin Mazanya da Magama, inda hanyar Katsina zuwa Maraɗi take ƙetare iyaka a ƙaramar hukumar Jibiya, a matsayin fagen misali. An jera maganganun kasuwa da na shingen bincike kusa da takwarorinsu na Sifaniyanci, aka duba inda gini ya zo ɗaya da inda ya saɓa. Hujjar maƙalar ita ce, da yawa daga cikin abubuwan da littattafan koyarwa suke kira masu wuya, wuyarsu ta mai Ingilishi ce. Bahaushe yana da su a bakinsa tun yana yaro, tasa wahalar kuma tana wani wuri dabam da littattafan ba su waiwaya ba.

1.0 Gabatarwa

Na san wasu suna tambayar kansu me ya haɗa kifi da kaska, wato Jibiya da Sifaniya. Amsa mafi kusa tana cikin buhu. Jihar Maraɗi ce kan gaba wajen noman aya a Nijar. Wani kaso na ayar yana gangarowa kasuwannin Nijeriya ta wannan iyaka, wani kuma yana ƙetare teku. A birnin Balansiya na Sifaniya ana jiƙa aya, a markaɗa, a tace, a zuba sukari, a sha da sanyi. Su *horchata de chufa* suke ce masa, mu kuma kunun aya. Wadda suke nomawa a kewayen Alboraya, arewa da birnin, ba ta isar masana'antunsu, shi ya sa suke cikawa da ta Nijar da Burkina Faso da Mali. Tsakanin manomi da mai masana'anta kuwa akwai dillalai hawa-hawa, kuma rabin la'adarsu ta jin harshe ce.

Ban da aya akwai ƙwallo. Duk ƙauyen da aka kafa gidan kallo, daren da Real Madrid za ta kara da Barcelona ba a samun wurin zama, kuma samari sun bi sawun Umar Sadiq, haifaffen Kaduna, tun da ya koma Almería a 2020 har ya wuce Real Sociedad a 2022. Akwai Ikwatoriyal Gini, ƙasar da ta karɓi 'yanci daga Sifaniya a 1968 ta riƙe Sifaniyanci a matsayin harshen hukuma, inda Hausawa 'yan kasuwa suka daɗe a Malabo da Bata. Akwai kuma hanyar da ba a son ambato, ta Agadas zuwa Aljeriya da Maroko har shingen wayar Sabta da Malila, garuruwan Sifaniya biyu da ke gaɓar Maroko, inda a ranar 24 ga Yuni 2022 aƙalla mutum 23 suka rasa rayukansu a ƙofar Malila. Masu bin wannan hanya daga yankinmu galibi a Libiya da Aljeriya suke tsayawa, kuma wannan maƙala ba kira ba ce ga kowa ya bi ta. Amma wanda ƙaddara ta kai can yana buƙatar ya iya cewa ba shi da lafiya.

Harshen da ake magana a kansa ba ƙarami ba ne. Kusan mutum miliyan 500 ne suka tashi da shi, harshen hukuma ne a ƙasashe 20, kuma yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk da haka Bakatsinen da yake son koyonsa sai ya nemi littafi ko manhajar waya da aka tsara wa ɗan Landan ko ɗan Paris.

2.0 Mutanen kan iyaka da yadda suke koyon harshe

Layin da ya raba Magama da Ɗan Isa ta Nijar bai raba harshe ba. Katsinawa ne nan da can. Bayan jihadi ya ci Birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa suka kafa Maraɗi, inda har yau ake kiran basaraken Sarkin Katsina. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata layin a yarjeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Abin da ya haifar a baki shi ne rumbu biyu na kalmomin aro: nan kwastan, can duwan, nan tirela, can kamyo, nan makarantar boko, can lakwal. Direban da yake jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi yana ɗiba daga rumbunan biyu ba tare da ya tsaya tunani ba.

A lura da yadda irin wannan direba ya samu ɗan Faransancin da yake kare kansa da shi a gaban jandarma. Bai taɓa ganin jadawalin aikatau ba. Jimla guda ya haddace, ta tambayar da ake yi masa a shinge da amsarta, sannan a hankali ya gane wace kalma ake cirewa a sa wata. Wannan ita ce hanyar da Michael Lewis ya kare a littafinsa *The Lexical Approach* na 1993, cewa harshe dunƙule-dunƙule ake ɗaukarsa, nahawu kuma daga baya yake fitowa daga cikin dunƙulen. Kwatanta harshen ɗalibi da wanda zai koya kuwa tsohon aiki ne da aka fi dangantawa da Robert Lado, wanda iyayensa mutanen Sifaniya ne, a littafinsa *Linguistics Across Cultures* na 1957. An soki Lado da cewa ba kowane bambanci ne yake haifar da kuskure ba, kuma sukar tana kan hanya. Abin da na ɗauka a wurinsa kaɗan ne: malami ya san abin da ɗalibi ya zo da shi kafin ya fara.

Mu kanmu ba baƙin wannan hanya ba ne. A zaure malami yakan karanta guntun Larabci ya fassara shi da Hausa kai tsaye, almajiri ya maimaita, ba harshe na uku a tsakani. Abin sha'awa, littattafan da ake yi wa wannan hidima da dama daga ƙasar da muke magana a kanta marubutansu suka fito. Ibn Malik mai *Alfiyya*, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1274, haifaffen Jayyan ne. Alfazazi mai *Ishiriniya* a Ƙurɗuba aka haife shi. Alƙali Iyal mai *Ashafa* da muke saurare da azumi an haife shi a Sabta a 1083, ya kuma yi alƙalanci a Garnaɗa. Da Larabci suka rubuta, ba da Sifaniyanci ba, kada a fahimce ni a karkace. Amma mulkin Musulmi a Andalus daga 711 zuwa 1492 ya bar wa Sifaniyanci gado, kuma za mu zo kansa.

Misalan da ke tafe ni na gina su bisa maganganun da kowa yake ji a tasha da kasuwa.

3.0 Furuci

Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta su haka ake faɗa. Wanda ya iya karatun boko na Hausa zai karanta *La chufa es de Maradi* daidai tun ranar farko. Harafin *ñ* shi ne *ny* na hanya, *ch* shi ne *c* namu. Sautin *j* na *trabajo*, wato aiki, wanda yake shaƙe Turawan Ingila, ɗan makarantar allo ya san shi da sunan ha mai ruwa. Ba a bambanta *b* da *v* a furuci, wanda sauƙi ne ga harshen da ba shi da *v*. Harafin *h* ba a furta shi ko kaɗan, don haka kirarin *Hala Madrid* da samari suke yi a gidan kallo, a bakin mutanen Madrid *ala* yake fita, ba *hala* ba.

Bambancin *pero*, amma, da *perro*, kare, ko *caro*, mai tsada, da *carro*, amalanke ko mota, ba zai razana kunnen da ya saba raba ra-kaɗe da ra-gare ba, kunnen da yake jin bambancin bara mai hidima da bara ta almajiri. Gyara ɗaya ake buƙata: a bar ra-kaɗe a gida, a yi ra-gare bugu ɗaya a *pero*, a gara ta sosai a *perro* da kuma farkon kalma.

Inda ƙafa take tuntuɓe shi ne *p* da *f*. Hausa ba ta raba su ba, Sifaniyanci kuwa ya raba: *puente* gada ce, *fuente* maɓuɓɓuga. Ga mutumin Jibiya da Maraɗi matsalar ta ninka, domin a karin harshensa *f* takan koma *hw* ko *h*, ya ce hwaɗa, ya ce tahi. Idan ya furta *fuego*, wuta, da wannan baki, abin da mai saurare zai ji shi ne *juego*, wasa. Babu littafin da aka rubuta wa mai Ingilishi da zai ɓata ko layi ɗaya a kan wannan, ga shi kuwa nan ne gizo yake saƙa. Sai cunkoson baƙaƙe a farkon gaɓa, inda harshe yake son cusa wasali, *tres* ta koma tires, *frontera* ta koma furontera. Wannan bai cika hana fahimta ba.

4.0 Jinsi

Mai Ingilishi yakan yi makonni yana mamakin yadda za a ce riga mace ce. Bahaushe ba ya buƙatar a rarrashe shi. Ya kuma zo da ƙa'idar da take aiki a harsunan biyu, cewa sunan da ya ƙare da *a* galibi mace ne, sifa kuma tana bin suna.

(1) *El saco blanco.* Farin buhu.
(2) *La camisa blanca.* Farar riga.

Har togaciyar ma ta yi kama. Mu muna da gida da nama da suna, sun ƙare da *a* amma maza ne. Su suna da *día*, yini, da *idioma*, harshe, da *problema*. Haɗarin yana wurin ɗauko jinsin kalmar Hausa a jingina wa ta Sifaniyanci. Gida namiji ne, *casa* mace. Rana mace ce wata namiji, a can kuwa *el sol* namiji, *la luna* mace. Don haka kada a taɓa koyar da suna tsirara, a ba da shi tare da *el* ko *la* a cikin jimla. Wurare biyu ne ginin ya saɓa. Jam'in Hausa ba shi da jinsi, farare kawai muke cewa, su kuwa suna raba *blancos* da *blancas*. Mu kuma muna raba kai da ke, su *tú* ɗaya gare su. Mallaka ba ta da gardama: *el camión de Musa* motar Musa ce, abin mallaka a gaba, mai shi a baya.

5.0 Aikatau

Jadawalin aikatau shi ne abin da ya fi korar ɗalibai. A duba wannan:

(3) *Compré, compraste, compró.* Na saya, ka saya, ya saya.

Aikin da na da ka da ya suke yi a gaban aikatau, shi ɗafa-ƙeyar *-é* da *-aste* da *-ó* take yi a bayansa, wato nuna mai aiki da lokaci a tare. Idan an faɗa wa ɗalibi haka, jadawalin ya zama abin da ya riga ya sani an juya masa baya. Zai kuma tsira daga kuskuren da mai Ingilishi yake yi na cusa *yo* a kowace jimla, domin *yo compré* daidai take da ni na saya, ba a faɗarta sai ana jayayya kan wanda ya saya.

Sai *ser* da *estar*, waɗanda Ingilishi da Faransanci suke fassarawa da aikatau ɗaya, shi ya sa ake cika shafuka ana bayaninsu. Hausa ta raba su tun asali.

(4) *Soy comerciante.* Ni ɗan kasuwa ne.
(5) *Estoy en Magama.* Ina Magama.
(6) *La chufa es cara.* Aya mai tsada ce.
(7) *La chufa está cara.* Aya tana tsada.

Inda muka sa dirka, ne ko ce, *ser* ke shiga. Inda muka ce ina ko tana, *estar* ne. Duk ɗan kasuwa ya san bambancin (6) da (7): ta farko halin ayar ce, ta biyu halin kasuwar yau. Littattafai sukan ce *ser* na abu mai ɗorewa ne *estar* na mai wucewa, sannan su kafe idan an zo kan *está muerto*, don ba abin da ya kai mutuwa ɗorewa. Bahaushe sai a ce masa a mace yake, ya wuce wurin. Haka *está seca*, a bushe take, da *estoy cansado*, a gajiye nake. Jimlar da mutanen Mazanya ba sa buƙatar a yi musu sharhinta ita ce *La frontera está cerrada*, iyaka tana rufe. Sun zauna da ita daga Agusta 2019 har Afrilu 2022 da aka sake buɗe mashigar Jibiya, suka kuma zama da ita daga Agusta 2023, bayan juyin mulkin Yamai, har Maris 2024. Da *estar* ake faɗarta, ko da rufewar ta shekara nawa ce.

*Hay* ita ce akwai, *no hay* ita ce babu, kuma kamar namu ba su damu da tilo ko jam'i ba: *No hay cambio*, babu canji, *Hay muchos camiones*, akwai motoci da yawa.

Lokacin da ya wuce kuwa yana buƙatar hattara. Mukan ce jiya ina cin abinci ya shigo, ina ɗin ba ta sauya ba, jiya ce ta ɗauki nauyin lokaci. Sifaniyanci ba ya yarda da haka, sai an ce *Estaba comiendo cuando entró*. Rarrabe aiki mai ci da wanda ya kammala ba sabon abu ba ne ga ɗalibinmu. Sabon shi ne tilasta wa aikatau ya nuna cewa cin ma ya wuce.

6.0 Mini, da kuma an

Akwai rukunin jimloli da malamai suke kira juyayyu, saboda abin da Ingilishi ya ɗauka a matsayin aikau, Sifaniyanci karɓau ya mai da shi.

(8) *Me duele la cabeza.* Kai yana mini ciwo.
(9) *Se me perdió el dinero.* Kuɗi sun ɓace mini.
(10) *Me gusta el té.* Shayi yana mini daɗi.

Ba wani juyi a nan. Wanda ya ce kuɗi sun ɓace masa bai ce ya yar ba, kuma wannan sassaucin na kauce wa ɗaukar laifi shi ne a cikin *se me perdió*. Matsalar (10) takan taso ne kawai idan an fassara wa ɗalibi ita da ina son shayi, domin daga nan zai ɗauka shi ne aikau, ya rasa dalilin da ya sa ake cewa *me gustan* idan abubuwan suna da yawa. Suna mini daɗi ta warware zancen.

Haka *se* ta aikin da ba a ambaci mai yinsa ba. Ita ce an da ana da ake namu. Allon da aka rubuta *Se vende chufa* ana sayar da aya yake nufi, *Aquí se habla hausa* kuma ana jin Hausa a nan. Tambayar da ta kamata ta zama ta farko a bakin kowane ɗalibi, *¿Cómo se dice?*, yaya ake cewa, a kan wannan gini take.

Girmamawa ma ta biyo nan. Jami'i a shinge zai ce *¿Adónde va usted? ¿Qué lleva?*, wato ina za a, me aka ɗauko. *Usted* ta samo asali daga *vuestra merced*, lafazin fada, shi ya sa take ɗaukar aikatau na mutum na uku. Wanda ya saba gaishe da malaminsa da Malam ya tashi lafiya, ga shi kuwa a gabansa yake durƙushe, ya riga ya san dabarar.

7.0 Umartau

Nan ne hujjar wannan maƙala ta fi ƙarfi. Siffar aikatau da suke kira *subjuntivo* ita ce dodon ɗalibai a Ingila da Amurka, har yawancin littattafai sukan jinkirta ta zuwa bayan an yi nisa. A Hausa yaro ɗan shekara uku yana amfani da takwararta.

(11) *Quiero que vengas.* Ina so ka zo.
(12) *Dile que traiga el saco.* Ce masa ya kawo buhun.
(13) *No abras el saco.* Kada ka buɗe buhun.
(14) *Paga antes de que cierren.* Biya kafin su rufe.
(15) *Que Dios te ayude.* Allah ya taimake ka.

Bayan so, bayan umarni, bayan kada, bayan kafin da domin, da kuma cikin addu'a, wuri ɗaya harsunan biyu suke sauya siffar aikatau. Ɗalibi ya san bambancin ya zo mai dogon wasali, na labari, da ya zo mai gajere, na umarni. Abin da ya rage masa haddar ɗafa-ƙeya ce, ba fahimtar dalili ba. Al'ummar da ba ta gama gaisuwa sai da addu'a kuwa tana da jimlolin gwaji fiye da ƙima.

Wurare biyu ne kwatancen yake yaudara, kuma gara a faɗe su da wuri. Idan mai so shi ne mai aikatawa, mu muna riƙe umartau, mu ce ina so in tafi. Su *quiero ir* suke cewa, da aikatau tsirara. Ɗalibin da ya bi Hausa ya ce *quiero que vaya* ya ce ne yana so wani ya tafi. Na biyu, bayan idan ta abin da ake jira, mu shuɗaɗɗen lokaci muke sa wa: idan ka isa ka kira ni. Su umartau suke sa wa, *Cuando llegues, llámame*.

8.0 Kalmomi

Bahaushen kan iyaka yana shiga Sifaniyanci da jari iri biyu. Na farko Larabci. Masana irin su Rafael Lapesa sun ƙiyasta kalmomin da Sifaniyanci ya gada daga Larabci da kusan 4,000. Abin lura, harsunan biyu sukan ari kalma har da *al-* ɗinta. Mu muna da alkama da albasa da alƙalami, su suna da *algodón*, auduga, da *almacén*, sito, alhali Faransanci ya yar da ita a *coton*. Wasu kalmomin iri ɗaya muka ɗauka: *azúcar* da sukari, *aceituna* da zaitun, *taza* da tasa, ko da yake tasu kofin shayi ce. *Alcalde* alƙali ne a asali, amma yau magajin gari yake nufi. *Hasta* ita ce hatta, kuma tana aikin har: *desde Jibia hasta Maradi*. *Ojalá*, wadda take jan umartau a bayanta kamar a *Ojalá llueva*, Allah ya sa a yi ruwa, sunan Allah ne a ƙarshenta, ko da yake mai faɗarta a Meziko bai cika sanin haka ba. Ofishin da ya fi damun kowa a Magama ma ya shigo sahu: *aduana* ta Sifaniyanci da duwan da Hausar Nijar ta ara daga Faransanci duk daga *diwan* suka fito.

Jari na biyu shi ne Faransancin da ya riga ya narke a Hausar Maraɗi. Kamyo *camión* ce, lakwal *escuela*. A nan ɗan Ɗan Isa ya fi ɗan Jibiya riba.

Akwai kalmomin da suke kama da namu amma ba dangi ba ne, kuma ɗalibai ba sa manta su saboda dariya. *Mesa* tebur ne, *rana* kwaɗo. Boda, wadda kowa a Jibiya yake kiran iyaka da ita, a Sifaniyanci bikin aure ce.

Ƙidaya ba ta da wahala. *Treinta y dos* talatin da biyu ne, gini ɗaya, babu lissafin ashirin huɗu da goma da Faransanci yake ɗora wa ɗalibi kafin ya ce casa'in. Ɗan canjin da yake zaune da damin sefa da na naira a bakin tasha, wanda idan an ce masa dala ashirin ya san tamma 100 ake nufi, yana da abokan sana'a a tsofaffin Sifaniya. Kafin su koma yuro a 2002 su ma da biyar-biyar suke ƙirga kuɗi, *duro* ɗaya peseta biyar, *veinte duros* kuma peseta 100. Sefar da take hannunsa ma a ɗaure take da yuron, kusan sefa 656 a kan yuro ɗaya.

9.0 Jerin darussa

Idan abin da ya gabata ya karɓu, littafin da za a rubuta wa Bahaushe ba zai bi jerin littattafan Landan ba. Umartau ya shigo tun makonnin farko, cikin addu'a da saƙo da hani. Jinsi da *ser* da *estar* a ba su darasi ɗaya ko biyu a wuce. Lokacin da aka rage a zuba shi inda Hausa ba ta da abin bayarwa.

Na farkon waɗannan wurare shi ne matsayin wakilin suna karɓau. Mu bayan aikatau muke sa shi, na gan shi, su a gaba, *lo vi*. Idan biyu suka haɗu, kamar a *te lo mando mañana*, zan aiko maka da shi gobe, sai harshe ya sarƙe. Na biyu *por* da *para*, waɗanda don da domin da saboda da ta suke rabawa a tsakaninsu ba bisa layi ɗaya ba. *Paso por Jibia* ina bi ta Jibiya ne, *salgo para Maradi* zan tashi zuwa Maraɗi, *lo compré por diez mil* na saye shi a kan dubu goma. A ganina ƙa'ida ba ta da amfani a nan, jimla ashirin da aka haddace sun fi ta. Na uku aikatau masu sauya ciki, irin *poder* da ya koma *puedo*, da *ir* da ya koma *fui*. Waɗannan hadda ce tsagwaronta, kuma mutanen da suka haddace jam'in Hausa, inda gida ya zama gidaje, sarki ya zama sarakuna, ba su da bakin kuka.

Akwai kuma zaɓin karin harshe. Mutumin Madrid yana furta *z* da *c* ta *cinco* kamar *tha* ta Larabci, mutanen Latin Amurka da tsibiran Kanari da wani sashe na Andalus kuwa *s* suke yi. Na biyun ya fi sauƙi, kuma ana fahimtarsa a Balansiya da Malabo, don haka shi nake ba da shawara a fara da shi.

Ta fuskar hukuma ƙofa ta ɗan buɗe. Dokar da gwamnatin Nijar ta fitar a Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Cibiyar Cervantes, wadda take yaɗa Sifaniyanci a duniya, ta buɗe reshenta na Dakar a 2021. Amma yawancin waɗanda wannan aiki zai amfana a Mazanya ba masu zaman aji ba ne. Direbobi ne da 'yan kamasho da masu awon aya, waɗanda saƙon murya na WhatsApp ya fi musu takarda. Darasin nasu zai fi kyau ya zo a murya, minti uku ko huɗu, jimlar Hausa sannan ta Sifaniyanci sau biyu, a bar ɗan shiru don maimaitawa. Rubutaccen kuma a fitar da shi da boko da ajami. Ajamin yana da harafin *j* tasu da na *z* tasu a shirye, amma ba shi da *p*, sai masu tsara littafin sun zauna sun amince da alamar da za su ba ta.